Baitin da Bai Shiga Faifan Hadi Ba

Duk wanda ya sauka a tashar Birnin Kudu ko ya ci kasuwar Gwaram a shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a hannun mutane, ya ji muryar Hadi na Kiyako, ko yana so ko ba ya so. Teloli sun sa shi, masu shayi sun sa shi, gidan rediyo ma ya riƙa jefa shi a shirin gaishe-gaishe. Faifai ɗaya tak ya yi a rayuwarsa, mai waƙoƙi biyar, biyu daga ciki suka yi tashe. Mutumin kuwa in ka gan shi ba za ka ba shi waƙa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta, ga saurin sunkuyar da kai in an yabe shi. Manomi ne kafin faifan, manomi ne bayansa. Abin da masu rawa da waƙarsa ba su sani ba shi ne, faifan nan da ya ɗaukaka shi ya kusa hana shi zama a gidan da ya tashi.

Yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya rasu. Da uwarsa A'i ta fita takaba ta yi aure a Sundimina, sai wanta Barau ya ce a bar masa yaron. Barau makaɗin gangar noma ne. Matarsa ta riga ta rasu ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Mutane suka yi ta cewa ina gwauro ina riƙon yaro, shi kuwa Barau ya ci gaba da riƙonsa. Shi ya riƙa dama masa kunu, shi ya riƙa cire masa ƙaya, ranar da ƙyanda ta kwantar da shi kuwa a kafaɗa ya saɓa shi har asibitin Birnin Kudu, a ƙafa. Sai dai Barau ba ya yabo a gida. Tun safe har la'asar yana gona yana zuga 'ya'yan wasu, amma da ya shigo zaurensa sai bakin ya ƙafe. Iyakar abin da Hadi ya taɓa samu daga gare shi, in ya yi abin kirki, shi ne "To." Yaron ma ya ɗauko halin. Suna son juna matuƙa, babu mai iya faɗa wa ɗan'uwansa.

Garma Barau ya fara ba shi kafin ganga. Ya ce, "Sai ka san yadda baya ke ciwo kafin ka tsaya kana ce wa mutane su ƙara."

A gidan kiɗan Barau, waƙar gayya tana da ƙa'ida biyu. Ta farko, ba a tsallake kowa. Duk wanda ya riƙe garma a gonar nan sai an ambace shi, ko da kunya ɗaya ya ja ya koma gindin bishiya. Ta biyu, daga ƙasa ake farawa: samari tukuna, sannan magidanta, sannan dattawa. Sai an kai bakin gona, manoma sun miƙe, 'yan amshi sun yi shiru, sannan mawaƙi shi kaɗai da gangarsa zai ambaci wanda aka yi waƙar dominsa. Wanda aka rufe da sunansa, shi ne mai waƙa. Don haka babu wanda ya taɓa tambayar tsawon waƙar noma a Kiyako. Inda gona ta ƙare nan take ƙarewa.

Daminar shekarar da aka sami mulkin kai, muryar Barau ta dishe ana tsakiyar wata babbar gayya. Sai ya dubi Hadi ya ɗaga masa haɓa. Hadi ya karɓa. Da aka fito bakin gona, dattawa suna ta tambayar ina yaron nan ya ɓoye wannan murya, Barau ya ce, "To," ya rataya gangarsa ya yi gaba. Bayan 'yan shekaru yanar ido ta fara rufe wa Barau gani. Ya fara tuntuɓe da kunyoyi, har wata rana ya taka shukar mutane bai sani ba. Da suka dawo gida ya cire gangar daga kafaɗarsa ya jingine ta a ƙofar ɗakin Hadi, bai sake zuwa gona ba. A lokacin Hadi ya auri Batulu 'yar garin Basirka, mace mai hannun girki da bakin da ba ya jiran a tambaye shi, ya kuma kafa nasa sashen a bayan gidan kawunsa. Kullum bayan la'asar yakan zo ya zauna a tabarmar tsohon, ya gaya masa gonar wa aka yi yau, wa ya yi ƙoƙari, wa ya yi lalaci. Barau na ji yana gyaɗa kai. Hirar ke nan, amma ba ta taɓa fashi ba.

Wanda ya jawo maganar faifai shi ne Alhaji Haladu, mai shagon rediyo da batir a Birnin Kudu. Ya ji Hadi a wata gayya kusa da Sundimina, shekara guda bayan an canja kuɗi an koma naira, ya tsaya a rana da babbar rigarsa har aka tashi. Ya ce yana da mutane a wani kamfanin faifai a Kano, kuma 'yan birni yanzu kiɗan ƙauye suke nema, don rabinsu jiya-jiya suka bar ƙauyen suna kewarsa. Hadi ya ce sai ya tambayi kawunsa.

Barau ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato za a zuba muryarka a faranti, a ji ta inda ba ka je ba?"

"Haka Alhaji ya ce, Kawu."

"Har bayan mutum ya mutu?"

"Ya ce in dai bai fashe ba."

Tsohon ya ce, "Ka shanya gangar sosai kafin ku tafi."

Wannan tambaya ta bayan mutuwa ita ta tsaya wa Hadi a rai. Shekara talatin da wani abu yana ɗauke da godiyar da bai taɓa iya furtawa ba. Sau nawa ya shirya magana a hanyar dawowa daga gona, da ya zauna a tabarmar sai nauyin tsohon ya danne masa harshe. Yanzu ga faifai zai yi magana a madadinsa, shi yana gefe kansa a ƙasa. Sai ya shirya sabuwar waƙa, ya sa mata suna "Gayyar Kiyako". Ya zuba mutanen garin kaf a ciki, kowa a matsayinsa, ya kuma ajiye baitin ƙarshe don Barau. A bayan gari ya riƙa gwada baitin, inda babu mai ji sai awaki. Ko Batulu bai rera wa ba.

Da bazara suka tafi Kano, shi da 'yan amshinsa biyu da Alhaji Haladu. Aka shigar da su wani ɗaki marar taga, an lulluɓe bangonsa da abu mai laushi, in ka yi tari ma sai ka ji tarin ya mutu a bakinka. Ma'aikacin da ke ɗaukar murya yana zaune bayan gilashi, wani matashi mai tulin suma da agogo a hannu. Ya yi musu bayani cewa faifan gefe biyu ne, kowane gefe kuma akwai iyakar mintocin da yake ci. Sannan ya riƙa tambayar tsawon kowace waƙa yana rubutawa. Da aka zo kan ta ƙarshe ya ce, "Wannan fa, minti nawa ce?"

Hadi, wanda bai taɓa ɗaura agogo ba, ya yi lissafi da gaske. Ya ce, "In ƙasa ta yi laushi, kunya shida ce."

Matashin ya yi dariya har da buga tebur, ya ɗauka barkwanci ne. Bai sake tambaya ba. Da ya sake, da labarin nan bai samu ba.

Da farko waƙar ƙin fita ta yi. Babu rana, babu ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, babu ƙarar garma da zai ɗora kiɗa a kai, ga wani ƙarfe an kafa masa a gaban baki an ce kada ya matsa. Sau uku yana farawa yana tsayawa. Daga baya ya cire takalmansa, ya rufe ido, ya shimfiɗa gonar Kiyako a ransa, ya jera mutanen kowa da garmarsa. Nan take murya ta buɗe. Suka yi "Motar Gwaram", wadda ke ba da labarin motar katako da ta kafe a rafi fasinja suka wuni suna turi, suka yi "Tani Mai Nono", suka yi sauran biyun. Aka zo kan "Gayyar Kiyako". Hadi ya bi manomansa ɗaya bayan ɗaya, idonsa a rufe, ƙafafunsa na takawa a wuri guda, 'yan amshi na karɓa masa da "Ku ja, ku ja, bakin gona na jira." Ya gama da samari, ya gama da magidanta, ya shiga dattawa. Bai ga lokacin da matashin ya dubi agogo ba, bai ga lokacin da ya sa hannu ya murɗa wani abu a hankali ba. Shi dai ya kai bakin gonarsa, 'yan amshi suka yi shiru, ya rera baitin kawunsa daga farko har ƙarshe, hawaye na bin kumatunsa. Da ya buɗe ido, matashin ya ɗaga masa hannu ya ce ya yi kyau. A wurin matashin sunaye ne kawai ake ta jerawa, wanda aka ji da wanda ba a ji ba duk ɗaya ne, kuma haka ake yi wa kowace doguwar waƙa. Ba mugunta ya yi ba. Bai taɓa tsayawa a gayya ba ne.

Da Hadi ya dawo gida ya zauna a tabarma, ya ba da labarin Kano a taƙaice, sannan ya dubi ƙasa ya ce, "Kawu, na sa sunanka."

"A ina?"

"A wurinsa."

Barau ya daɗe yana murza gemunsa. Ya ce, "To. Allah ya kai mu mu ji." Tun daga ranar, duk motar da ya ji ta tsaya a bakin hanya sai ya tambaya ko saƙon Kano ne.

Faifan bai iso ba sai da damina ta zauna. Kafin Hadi ya sami labari ma, "Motar Gwaram" ta riga ta cika tasha, direbobi na tsokanar juna da ita, yaran mota na rera ta suna ɗaura kaya. Ranar kasuwar Birnin Kudu ya shiga shagon Alhaji Haladu, ya tarar da hotonsa a jikin kwali, an sa shi ya riƙe garma da ganga lokaci guda, abin da babu mai hankalin da ke yi. Alhaji ya zaunar da shi a kujera, ya ɗora faifan a garmaho mai batir, ya juya gefe na biyu. Jama'a suka cika ƙofar shago. Hadi ya ji kansa yana kiran samarin Kiyako, abin ya ba shi dariya ya ba shi tsoro. Aka wuce magidanta. Aka zo kan dattawa, aka iso kan Ɗanbala, wani tsoho da duk garin ya sani ba ya isowa gayya sai an sauke tuwo:

Ɗanbala mai zuwa in an sauke tukunya,
Garmarka sabuwa shekara bakwai.

Mutane suka fashe da dariya. Cikin dariyar nan Hadi ya ji muryarsa tana yin ƙasa, tana yin nisa kamar mai tafiya, har ta ɓace. Allura ta ɗan yi shuu, ta tsaya.

Ya ce, "Alhaji, batir ya yi sanyi."

Alhaji ya ce, "Sabo ne fil. Ai ƙarshenta ke nan."

"Da saura. Akwai dattawa uku, sannan akwai baitin ƙarshe."

Alhaji ya ɗaga faifan ya nuna masa inda zanen ya ƙare. Ya ce wuri ne ya cika, kuma an riga an buga ɗaruruwa an raba har Jos da Maiduguri, ba a iya ƙari. Da ya ga yadda fuskar Hadi ta koma, ya dafa shi ya ce ai waƙar ta karɓu a haka, in Allah ya yarda a faifai na biyu sai a gyara. Hadi ya yi godiya ya fita. A ƙafa ya koma Kiyako, bai ko tsaya sayen gishirin da Batulu ta aike shi ba.

Waƙar kuwa ta karɓu ɗin, har ta wuce "Motar Gwaram". Abin haushin, babu mai kiran ta da sunanta. "Ɗanbala" ake ce mata. A Kiyako, inda kowa ya san ƙa'ida, maganar ta fi haka nauyi, don da sunan Ɗanbala aka rufe. Tsohon ya ɗinka sabuwar hula, ya riƙa zuwa gayya da wuri don a gan shi, ko da yake garmar tana nan da sabuntarta.

Hadi ya kasa zama a tabarmar kawunsa. Ya ce wa mutum ya sa sunansa a wurinsa, da wane baki zai koma ya ce babu? Sai ya riƙa tsayawa daga bakin zaure ya yi gaisuwa, ya ce ana jiran sa a gona kaza, ya wuce. In Barau ya tambayi saƙon Kano, ya ce ana hanya. Ya bi maƙwabta masu rediyo yana roƙon su rage murya in an sa waƙar. Ya rame, tuwo ma sai ya taɓa ya ture.

Batulu ta zuba masa ido mako uku, sannan ta gaji. Ta ce, "Malam, garin nan kaf an ji faifan nan, har kurame an yi musu nuni. Baba kaɗai ya rage. Kullum na kai masa abinci sai ya ce mini, yau ma aiki ya riƙe shi? Ni na gaji da yi maka ƙarya."

"Me zan ce masa?"

"In ba ka iya faɗa ba, ai ka iya rerawa. Ba gani yake ba. A sa masa faifan, in ya zo inda ya mutu sai ka ɗora da bakinka. Muryar ba taka ba ce? Gangar ba ita ba ce?"

Hadi ya san dabarar ba ta da kyan gani, amma bai da wata. Ya aro garmahon Alhaji Haladu. Kwana biyu suna gwaji a ɗaki, Batulu na koyon ɗaga allura daidai lokacin da murya ta yi ƙasa, shi kuma yana koyon shiga ba tare da an ji gaɓa ba. Ya lulluɓa wa gangar tsohuwar riga don ƙararta ta yi kama da ta cikin akwatin. Dattawa ukun da suka rage ya ce zai bi ta kansu da sauri, 'yan amshi kuwa dama ba a buƙatar su a baitin ƙarshe.

Ranar da suka shirya, an yi ruwa da safe. Bayan la'asar suka shiga zauren Barau, Batulu ɗauke da garmaho, Hadi na bin ta a baya yana rungume da gangar don kada ta yi motsi. Ya ce, "Kawu, saƙon ya iso."

Tsohon ya gyara zama, ya jawo hularsa ya sa, kamar wanda zai karɓi baƙi. Aka ɗora allura. Yana ji yana kaɗa yatsa a gwiwa, in an ambaci wani ya ce, "Wannan ɗan wane ne," in an zo wurin dariya ya murmusa. Aka iso kan Ɗanbala. Murya ta fara yin ƙasa, Batulu ta ɗaga allura, Hadi ya shiga. Ya wuce dattawan nan uku, ya rage kiɗa, ya rera:

Barau na Kiyako, kawuna,
Kai ka goya ni ba ka da zane,
Ka ba ni garma, ka ba ni ganga,
Ka ci gaya ka bar mini mai miya.
Idonka in ya gaji ya huta,
Ga nawa biyu, ɗauki ka duba.

Ya tsaya. Ruwa na ta ɗiga daga indararo. Barau ya ce, "Batulu, ɗebo mini ruwa a randar cikin gida." Da ya ji takunta ya yi nisa, ya juyo da fuskarsa daidai inda Hadi yake.

Ya ce, "Gangar nan ba ta sha rana ba yau."

Sannan ya ɗora da cewa:

"Ta cikin farantin da bazara aka buga ta, fatarta a ɗame. Wannan tun jiya take shan danshi. Shekara arba'in ina rataye da ita, kai kuma ka yafa mata riga ka ce ba zan gane ta ba."

"Kawu, ka yafe mini. Wallahi na rera shi a can, su ne..."

"Na sani. Ɗanbala ya zo nan tun makon da abin ya iso. Nan inda kake zaune ya zauna, ya gaya mini shi ne mai waƙa. Na yi masa murna."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Da wa zan yi? Kana gaishe ni daga bakin ƙofa kamar baƙo." Tsohon ya numfasa. "Ni ban damu da abin da baƙin faranti zai faɗa a kaina ba. Kwana ashirin da uku ba ka zauna a tabarmar nan ba. Wannan ne ya dame ni."

Hadi ya sunkuyar da kai, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Barau ya bar shi ya yi. Can ya miƙa hannu ya ce, "Cire mata rigar nan, miƙo ta." Ya ɗora gangar a cinyarsa, ya shafa fatar, ya karɓi gular kiɗan. Da ta sauka kuwa, daidai ta sauka. Ya ce, "Wancan na goyo, sake faɗa. Ban ji sosai ba."

Ya ji sarai, Hadi ma ya san ya ji. Haka ya zauna gaba da gaba da kawunsa, babu akwatin da zai ɓuya a bayansa, ya faɗi abin da ya so faranti ya faɗa masa. Ya ɗan yi sauri don nauyi, tsohon ya ja kiɗan baya ya ce, "A hankali. Ba a gudu a bakin gona." Ya sake daga farko. Batulu ta dawo da ruwa ta tsaya a soro, ba ta shiga ba. Da aka gama, Barau ya goge idonsa da bakin riga ya ce, "To." Hadi ya ɗauka shi ke nan, kamar kullum. Sai ya ji ya ƙara da cewa, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Da Hadi ya kawo maganar faifai na biyu, Barau ya ce a bar shi. Ya ce baitin sauran mutane kowa na iya saye ya ji a shago, nasa kuwa sai mai shi ya zo da ƙafarsa. Haka aka yi. Kullum bayan la'asar Hadi na tabarmar, in an gama labarin gonaki tsohon ya ce, "Miƙo ta." Maƙwabta suka riƙa ji ta kan katanga har suka haddace. Barau ya rasu bayan an gama girbin dawa na wannan shekarar.

Faifai na biyu bai taɓa yiwuwa ba. Alhaji Haladu ya yi ta zarya, Hadi na cewa sai an gama shuka, sai an gama girbi, har kaset ya shigo, samari suka watse birni neman aikin gini, gayya ta ja baya. Hadi bai nuna ya damu ba. Ya ci gaba da nomansa, in an kira shi kiɗa ya je. A Kiyako kuwa wata al'ada ta tsiro ba tare da kowa ya shirya ta ba: duk inda aka sa faifan, in murya ta yi ƙasa bayan Ɗanbala, sai waɗanda ke wurin su ƙarasa da bakinsu. Matan da aka aurar waje suka tafi da baitin, direbobi suka ɗauka, ya bi hanya.

Bayan shekara biyar, Hadi ya kai wake kasuwar Gwaram. Da ya sayar, ya tsaya a rumfar wani tela don a kama masa aljihun da ya yage. Telan bai san shi ba, bai ko ɗaga kai sosai ba, ga tsohon garmaho a gefensa yana juya faifan da ya sha allura har yana tsalle. "Gayyar Kiyako" ce. Hadi ya zauna a benci ya yi kamar bai ji ba. Aka zo kan Ɗanbala, murya ta yi ƙasa ta ɓace. Telan bai daina taka keke ba, ya buɗe baki ya ɗora: "Barau na Kiyako, kawuna." Wata mai nono da ta sauke ƙwaryarta a inuwar rumfar ta karɓa, wani mai jiran ɗinki shi ma ya sa baki.

Da suka kai ƙarshe, Hadi ya ce, "Malam, wannan ai ba ya cikin faifan."

Telan ya ce, "Ba ya ciki. An ce wuri ne ya ƙare wa mai waƙar, sai mu ƙarasa masa. Ai nan ne daɗinta."

"Wane ne Barau ɗin?"

"Oho. An ce dai shi ya rene shi. Ni in na zo wurin nan, yayar babata nake tunawa, ita ta riƙe ni." Ya gutsure zare da haƙori, ya mayar da allurar faifan baya kaɗan don a sake.

Hadi ya karɓi rigarsa ya sa, amma bai tashi ba. Da aka sake isowa wurin, telan ya shiga da sauri, yana bin takun kekensa. Hadi ya sa yatsa biyu a kan bencin ya fara buga masa kiɗan, yana ja baya.

Ya ce, "A hankali, Malam. Mai shi ba ya son a yi masa sauri."